Wai karatun girki da goyo ne? Amsa ga ƙanwata ta Gusau

Wata ƙanwata daga Gusau ta turo min saƙo, ta ce bana ta gama sakandare, ta ci karo da wani kwas a intanet mai suna Human Development and Family Studies, wato nazarin yadda ɗan Adam ke girma da yadda iyali ke zama, kuma abin ya kwanta mata a rai. Amma da ta gaya wa Baba sai ya ce shi ba zai biya kuɗi a koya wa ɗiyarsa girki da goyo ba, abin da uwarta ta iya tun ba ta san hanyar makaranta ba, gara ta nemi nas. Tambayarta biyu ce, ina ake yin kwas ɗin a Najeriya, kuma in an gama wane aiki ake samu.

To ƙanwata, kar ki ji haushin Baba. Ni ma da na cike Home Economics a fom haka aka yi ta min tsiya a gida, wani kawuna har yau "Malamar tuwo" yake ce min, alhali na fi shekara goma rabona da ajin girki. Baba ya yi kuskure a kan abin da kwas ɗin ya ƙunsa, amma tsoron da yake ji na a kashe kuɗi a dawo a zauna, wanga tsoro gaskiya ne, kuma zan zo kansa.

Sunan da kika gani na Amurka ne. Can akwai sashe sukutum mai wanga suna a jami'o'i irin su Penn State, ki shiga da shi ki fita da shi. A nan gida kuwa in kika tsaya neman sunan daidai wa daida za ki sha wahala, domin yawanci a cikin wani kwas yake zaune. A Jami'ar Noma ta Abekuta yana ƙarƙashin Home Science and Management, sai an yi nisa mutum ya karkata ɓangaren renon yara da nazarin iyali. A Ile-Ife sashen Family, Nutrition and Consumer Sciences ne. Nsukka da Umudike da Makurɗi su ma suna da Home Science. Mafi kusa da mu shi ne ABU Zariya, inda ake yin Home Economics a tsangayar ilimi. Nan cikin Gusau kuma ga kwalejin ilimi ta tarayya ta mata zalla, ki yi NCE shekara 3 a Home Economics ko a ilimin ƙananan yara, sannan ki cike DE ki shiga jami'a daga aji biyu. Na san 'yan mata da yawa da suka bi wannan hanya saboda iyaye ba su yarda a tafi kudu ba, kuma ba su yi asara ba, don sun fito da takardar koyarwa a hannu tun kafin digiri. Wasu kuma ta Sociology suke shigowa, a Danfodiyo ta Sakkwato ko BUK, daga baya su yi mastas a kan yara ko iyali.

Maganar darussan JAMB, ki kula sosai, nan ne yara ke faɗawa rami. Inda kwas ɗin ke tsangayar noma ana neman ɗalibin kimiyya ne, Kemistiri da Bayoloji ko Agirik na da muhimmanci, ga kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Inda yake tsangayar ilimi sharaɗin kan ɗan bambanta. Kar ki bar mai shagon kafe ya zaɓa miki, ki buɗe kundin JAMB na shekarar da kanki ki karanta abin da makarantar ta rubuta, don shi mai kafe layi ne a gabansa, burinsa ki tashi na bayanki ya zauna.

Yanzu me ake karantawa? E, ana shiga kicin, ana taɓa keken ɗinki a shekarun farko in ta Home Economics kika shigo, ba zan ɓoye miki ba. Amma zuciyar kwas ɗin tambaya ɗaya ce, me ke sa wani yaro ya tashi lafiyayye mai kaifin kai mai natsuwa, wani kuma ya tashi akasin haka, alhali wataƙila gida ɗaya suka fito. Za ki bi mutum tun yana ciki, haihuwa, yaye, tatata, shiga makaranta, balaga, aure, har tsufa. Za ki haɗu da Piaget da matakansa huɗu na tunanin yaro, da Erikson da nasa takwas na rayuwa gaba ɗaya, da Bowlby da Mary Ainsworth a kan shaƙuwar jariri da mai renonsa. Abin da ɗalibai ba su cika sani ba, ita Ainsworth a Afirka ta fara wannan bincike, a ƙauyukan kusa da Kampala ta Yuganda wajen 1954, tana shiga gida gida tana kallon uwa da ɗa. Sai kuma Bronfenbrenner na Jami'ar Cornell, wanda a 1979 ya fitar da bayanin cewa yaro kamar a tsakiyar zobba yake, zoben gida, na makaranta da unguwa, na sana'ar iyaye, na al'ada da hukuma, kowanne na taɓa shi ko da bai san da shi ba. Sannan ga ilimin abinci mai gina jiki, ga tattalin kuɗin gida, ga dokokin da suka shafi yara irin dokar kare haƙƙin yara ta 2003, ga lissafin ƙididdiga da hanyoyin bincike, waɗanda su ne ke kayar da mutane a jarrabawa, ba girkin ba.

Ni dai ban gane zobban Bronfenbrenner da kyau ba sai da abin da ya faru a 2010 ya faru a jiharmu ta Zamfara. Kin san labarin ko da kina ƙarama lokacin, gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega. Zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, maza suka koma haƙa, ana kawo dutsen cikin gida ana daka ana niƙa a tsakar gidan da yara ke rarrafe, ƙurar ta bi ƙasa, yaro ya sa hannu a ƙasa ya kai baki. Yara sama da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi aikin fitar da gubar daga jini, an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, amma waɗanda suka rayu fa? Dalma ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa duka. Yaron ya kai shekarun makaranta, malam na ta bugu wai daƙiƙi ne, uwa na cewa iska ce. Wa zai zauna da malamin da uwar ya fahimtar da su, ya tsara yadda za a bi da yaron? Wannan ba aikin allura ba ne. Farashin zinariya a wata ƙasa ya biyo ta sana'ar uba ya shigo turmin uwa ya ƙare a kan ɗan shekara biyu, ga zobban nan a gabanki.

Akwai wani bincike da nake so kowane ɗalibina ya sani. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 zuwa 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara ƙanana da rashin abinci ya tsumburar, wasu aka riƙa ba su madara, wasu kuma ma'aikaciya ke zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana koya wa uwa wasa da yaron da yi masa magana, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka sake nemo su, sai aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗi kusan kashi 25 cikin ɗari fiye da waɗanda ba a yi wa ba. Wasa fa, da gwangwani da tsumma. In Baba ya ce goyo ne, to goyon ne, amma irin wanda ake aunawa.

Na ga irinsa da idona. Wani ƙauye muka je wajen aikin tamowa, aka kawo wani yaro ɗan wata 14, na zagaya masa tef ɗin awo a damtse ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5 ke nan. Aka sa shi a shirin abincin gyaɗar nan na leda, cikin 'yan makonni jiki ya fara dawowa, amma yaron shiru, ido kawai, ba gwaranci ba miƙa hannu. Na ce wa uwar ta riƙa yi masa hira in tana aiki. Ta dube ni kamar na zare, ta ce "Malama mi zan ce mai, shi da bai san magana ba?" Na ɗauki gwangwanin madara na zuba tsakuwa uku na toshe bakin da kyau, na kaɗa a gefen kunnensa, ya juyo. Na ɓoye a bayan zanena, ya leƙo yana nema. Kakarsa da ke zaune kan tabarma tana tsinkar zogale ta yi dariya ta ce "ashe ɗan banzan yana da wayo", kuma daga ranar ita ta karɓe aikin, don dama a gidan ita ke da ta cewa a kan abin da yaro zai ci da ranar da za a yaye shi. Da na tsaya kan uwar kaɗai kamar yadda littafi ya nuna, da ban kai ko'ina ba.

Wannan ya kawo ni inda nake da ƙorafi da kwas ɗin kansa. Yawancin littattafan a kan gidan Bature aka rubuta su, miji ɗaya, mata ɗaya, yara biyu. Farkon fitata aiki aka ba ni wata takardar tambayoyi mai layi ɗaya na "uwa", layi ɗaya na "uba", na shiga wani gida mai mata uku, ga agola, ga ɗan riƙo da aka kawo daga wajen ƙanwar maigida, ga wanda aka kai yaye wajen kaka bai dawo ba shekara huɗu. Na tambayi wata matashiya sunan ɗanta, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, na sake tambaya ta tashi ta shige ɗaki. Ni da rawar kaina har na fara rubuta cewa babu shaƙuwa tsakaninta da yaron, sai uwargidan ta ce min "ke ba Bahausa ba ce? Ɗan fari ne." Wallahi kunya ta kama ni, ni da tawa uwar ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba har ta koma ga Allah. Karatun ya sa na manta abin da na sani tun ina yarinya. Don haka in kin shiga, ki karanta nasu da kyau, ki ci jarrabawa, amma ki riƙa auna shi da gidanku, kunyar ɗan fari, zaman kishiyoyi, riƙo, almajirci, zawarci, matsayin goggo da kawu a sulhun aure. Ɗaliban da suka fi burge ni su ne masu ɗaukar irin waɗannan su yi firojet a kai, ba masu kwafo na wata jami'a su canza sunan gari ba.

To ga maganar aiki, inda Baba ke da gaskiya. Nas tana gamawa ta ci jarrabawar hukumarsu ta karɓi lasisi, kowa ya san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Wanga kwas ba haka yake ba, ba wani ofis da aka rubuta sunansa a ƙofa yana jiranki. Ba za ki yi allura ba, ba za ki buɗe kemis ba, ba ki zama likitar ƙwaƙwalwa ba, ba ki kuma zama ƙwararriyar tsara abincin marasa lafiya ta asibiti ba, wannan kwas ɗinsa daban. Duk wanda ya ce miki ba haka ba yaudararki yake. Digirin kamar fili ne mai faɗi, ke za ki zaɓi inda za ki yi gini, kuma gara ki zaɓa tun kina aji biyu ba sai kin dawo daga bautar ƙasa ba.

Ƙofar da ta fi tabbas koyarwa ce. Tun dokar UBE ta 2004 aka sa kula da ƙananan yara cikin ilimin bai ɗaya, makarantun gwamnati na da ajin share fage, masu zaman kansu kuwa kowace unguwa a Gusau da Birnin Kebbi ga nazire nan, amma je ki duba wa ke riƙe da ajin, sau da yawa wadda ta rasa abin yi ce aka ba ta bulala da alli, tana sa 'yan shekara uku rubuta ɗaya zuwa ɗari. Wadda ta san aikin tana da daraja, kuma ita ce ke iya buɗe tata makarantar ko gidan reno nan gaba, musamman yanzu da mata ma'aikata suka yi yawa. Sai dai ki tabbatar kina da takardar koyarwa da rajistar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista, in digirinki ba na tsangayar ilimi ba ne ki ƙara PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri, ana yi a NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa. A gwamnati mai digiri kan fara a mataki na 8, mai NCE na 7, albashin kuma kin san yadda yake, ba sai na ce komai ba.

Akwai ma'aikatar mata da ofishin jin daɗin jama'a. Nan ake kai jaririn da aka tsinta, da rigimar wa zai riƙe yara bayan saki, da uban da ya ƙi ciyarwa, da yaran da ke gidan marayu ko gidan gyaran hali. Manyan asibitoci ma suna da sashen walwalar marasa lafiya. Hukumar Hisba kullum cikin sulhun aure take, kuma a ganina wadda ta haɗa ilimin addini da wanga karatu ta fi kowa dacewa da wannan kujera, don sanin hukuncin saki daban, sanin abin da sakin ke yi wa ɗan shekara biyar daban. Aiki ne mai cin rai, ki sani, akwai ranar da za ki koma gida ki kasa cin abinci.

Sai ƙungiyoyi, waɗanda na san su ne a ran yawancinku saboda farar mota. Gaskiya akwai aiki a yankinmu. Ofishin UNICEF na Sakkwato shi ke kula da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Save the Children ta yi wani shiri a Anka da Tsafe inda aka riƙa ba mai juna biyu naira 3,500 duk wata har yaro ya shekara biyu, tare da koyar da ciyarwa, wato dai kwanaki 1,000 na farko da kullum muke magana a kai. Kebbi na cikin jihohin farko na shirin AGILE na karatun 'yan mata. Ga kuma 'yan gudun hijirar da rashin tsaro ya tarwatsa, na taɓa ganin yarinya 'yar shekara shida da in ta ji ƙarar babur sai ta shige ƙarƙashin benci ta saki fitsari, irin waɗannan yaran na buƙatar wanda ya san yadda firgici ke aiki a jikin yaro, ba mai cewa ta cika tsoro ba. Amma aikin ƙungiya kwantiragi ne, wata shida, shekara ɗaya, in kuɗi ya tsaya aiki ya tsaya, kowa ya ga abin da ya faru a 2025 da Amurka ta janye tallafin USAID, mutane nawa suka wayi gari a gida. Kuma a intabiyu ba sa tambayar matakan Piaget, tambayarki za su yi kin iya Excel, kin iya cike bayanai a waya da KoboCollect, kin iya rubuta rahoto shafi biyu da Turanci mai kyau, kin taɓa aikin sa kai a ina. Hausarki da sanin yadda ake sallama a shiga gidan kulle jari ne babba da 'yan wani wuri ba su da shi, sai dai shi kaɗai ba ya isa.

Wanda ke son lakcarin kuma sai ya shirya mastas da digiri na uku, hanya ce doguwa amma fannin bai cika ba a Arewa. Af, kuma ba na mata kaɗai ba ne, maza sun yi ƙaranci ƙwarai, alhali in za a tara magidanta a ƙofar gidan hakimi a yi musu maganar abincin mai ciki ko barin yarinya ta gama makaranta, namiji suka fi saurare.

Da ni ce ke, ba zan yi jayayya da Baba ba. Ki fara tambayar kanki me ya ja ki, in fararen kaya da asibiti da albashi mai tabbas kike so, ki bi maganarsa ki yi nas, ba abin kunya ba ne, nas mai kula da yara ma tana cin moriyar wannan ilimi. In kuwa yaran ne da gidajen da suka fito suka dame ki, to kafin a buɗe rajistar JAMB ki nemi wata nazire ko asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ranar awo da rigakafi, ki roƙi a bar ki ki taimaka na wata ɗaya kyauta, ki ji ko za ki iya da kuka da majina da iyayen da ba sa jin magana. In kin fito har yanzu kina so, sai ki samu Baba bayan la'asar in ya huta, kar ki ce masa Human Development, ki ce malanta za ki karanta ɓangaren ƙananan yara, ga makarantar, ga shekarun, ga takardar da za ki fito da ita, ga inda ake ɗaukar masu ita. In da hali ki tafi da goggonki ko wata malama da yake jin nauyinta. Ki kuma turo min sakamakonki na WAEC ko NECO in ya fito, ina son ganin abin da kika samu a Kemistiri da Lissafi kafin mu san wace makarantar za ki sa a zaɓin farko.